Shekarar da Kawunku Ya Kai Gwaiba Injin Markaɗe

Kawunku Nasiru ya ɗauki abincin da na sha wahala na haɗa da hannuna ya ce nasa ne, sannan ya kira ni yaronsa a lasifika, a gaban taron biki, ina tsaye da ludayi a hannu. Abin da ya yi mini ke nan, kuma da shi zan fara, don ni ban iya kewaye-kewaye ba. Na san kuna son sa. Shi ne mai kawo tsaraba, shi ne mai ba ku dariya, ni kuwa ni ne mai faɗa idan an bar famfo yana zuba. Ban ce ku daina gaishe shi ba. Amma makon jiya a wajen sunan ɗan yayarku Zainab na ji shi da kunnena mai lafiya yana gaya wa surukanmu wai a Dubai ya koyo dangwalen gwaiba, kuma na ga ɗan'uwanku Abba yana gyaɗa kai kamar ana karanta masa hadisi. Lokacin da abin ya faru ku ƙanana ne, Zainab kaɗai za ta iya tuna wani abu. Shi ya sa na sayi wannan littafin rubutu. Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, saboda haka wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa ya wuce.

Ni asalina ba kuku ba ne. Shekara goma sha ɗaya na yi a masaƙa a Kakuri ina tsaye a gaban inji. Ranar da aka rufe ta, abin da na fito da shi daga ƙofar nan biyu ne: kunnen hagu da ba ya ji sosai, da bandir guda na farin yadi mara rini wanda aka raba mana. Ina shigowa da shi gida kakarku Iya ta shafa shi, ta ce a sa mata a ƙasan akwati, ta samu likkafani. Bayan nan babu abin da ban taɓa ba. Na yi acaɓa, na yi gadi, na sayar da gawayi har mahaifiyarku Binta ta ce ba ta gane ni idan na shigo. Daga ƙarshe wani tsohon abokin aikina ya haɗa ni da yayarsa, Madam Saratu, wadda ke neman mai dafa abinci a gidanta na Narayi. Girki kuwa na iya shi tun ina yaro, don ni ne ɗan fari wajen Iya kuma ba ta haifi mace ba.

Madam Saratu mutuniyar Kudancin Kaduna ce, Kirista, nas ce da ta yi shekara da shekaru tana aiki a Hawayi, wani tsibiri na Amurka da ke can tsakiyar teku. Ta dawo da furfurarta ta gina gida. Ranar farko muka yi magana a fili, abin da ba na taɓawa ba ya shiga kicin ɗinta, kaza kuma ni ke yankawa, ranar Juma'a hutuna ne. Ba mu taɓa saɓawa a kan wannan ba. A kan gishiri dai muna saɓawa kullum. Ana saura kwana biyu Kirsimetin da ya zo kafin shekarar da nake ba ku labari, 'yarta ta zo daga Abuja da wani farin cuku na Turawa a cikin kwali, mai laushi kamar man shanu. Madam ta kira ni.

"Malam Isiyaku, zo ka koyi abincin malalata."

Ta bar cukun a kan tebur har sanyin firji ya sake shi, ta buga shi da cokali ya yi sumul, ta buɗe wata kwalba ta dafaffiyar gwaiba mai kauri ta zuba, ta matsa lemon tsami, ta barbaɗa kwakwa da aka goge. Ta ce a can wata ƙwaya mai tsada suke watsawa a sama, amma soyayyar gyaɗa ma ta yi. Ta jera biskit mai gishiri a gefen faranti, ta wanke hannu.

Na ce, "Madam, ina wutar?"

"Babu wuta."

"To ina girkin?"

"Ka gan shi nan. An gama. A can idan za a yi taro, kowa da abin da yake kawowa, wadda ba ta son wahala wannan take yi."

A raina na ce lallai mutanen tsibirin nan ba su da aikin yi, nono da gwaiba ai abincin mai jinya ne. Ta miƙo mini biskit ta ce in dangwala. Na dangwala don kada in yi mata musu. Biskit bakwai na ci a tsaye, sai da ta janye farantin. Ranar Kirsimeti na tashi tun da asuba na yi dafa-duka da farfesun kan rago, baƙi suka zo suka bar mini tukwanena kusan cike, suka taru a kan farantin da aka haɗa cikin minti goma. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba.

Daga nan matan zumuntar cocinsu suka sa Madam gaba, kowace tana so a yi mata. Cuku kuwa ya ƙare. A Kaduna sai ka zaga manyan kantuna kafin ka same shi, in ka same shi kuma ka ji kuɗinsa sai ka nemi kujera. Ni dai tun ranar farko harshena ya gaya mini cewa wannan abu ɗan'uwan kindirmo ne, ruwa kawai aka raba shi da shi. Sai na je kasuwar Kakuri wajen wata Bafulatana da nake sayen nono a hannunta, na ɗauko ƙwarya guda mai kauri. Na zuba a rariya, duka ya zurare. Na ɗauki ɗankwalin mahaifiyarku na ƙulle wani na rataye, da safe na sami nonon shuɗi kamar an kai shi marina, kuma kwana biyu Binta tana yi mini maganar ɗankwalinta. A nan ne na tuna da bandir ɗin da ke ƙasan akwati. Ni na saƙa irinsa, na san yadda zarensa yake, ruwa zai wuce amma nono ba zai bi shi ba. Na lallaɓa na yanko kamu ɗaya, na tafasa shi, na zuba kindirmo na ƙulle, na rataye a inuwa da roba a ƙarƙashi tun la'asar. Ba a matsawa, barin sa ake yi ya yi ta ɗiga. Washegari na kwance na tarar da shi a dunƙule, fari tas, cokali yana tsayawa a ciki. Na sa ɗan gishiri da cokali guda na ɗanyen man shanu na buga.

Iya ta fito alwala ta ga yadin a kan igiya. Kun san ba ta kiran sunana.

"Kai wannan, likkafanina kake yankawa?"

"Kamu ɗaya ne, Iya."

"To a rufe ni ƙafa a waje ke nan."

"Ai ba yanzu za ki tafi ba."

"Kai ne Mala'ika?"

Gwaiba kuwa ba sai na je ko'ina ba. Bishiyar da ke tsakar gidanmu na Tirkaniya ni na shuka ta shekarar da aka haifi Zainab, mai jan ciki ce, in ta nuna har layin baya ana jin ƙanshinta. Ku riƙe wannan, don a nan maganar take. Ana yanka gwaiba, a dafa ta ta yi laushi, sannan a zauna a tace ta a rariya da bayan ludayi, kaɗan-kaɗan, har ƙwallayen su rage su kaɗai. Ƙwallon gwaiba ba ya dahuwa, ba ya narkewa, tsakuwa ce Allah ya sa a cikin 'ya'yan itace. Aikin yana cin hannu, yana cin baya. Bayan an tace a mayar wuta da sukari a yi ta juyawa har ya kama, a sauke, a bar shi ya huce sarai kafin ya haɗu da nonon. In ka yi gaggawa ka haɗa da zafi, ka yi kunu. Madam ta kira shi abincin malalata, kuma gaskiya ne ga wanda yake da kwali da kwalba. Nawa kam babu lalaci a cikinsa.

Da na kai mata ta ɗanɗana, ta sake ɗanɗanawa.

"Malam Isiyaku, wannan ya fi na can."

"Madam, kada ki zolaye ni."

"Ni labarinsa na kawo, kai ka yi shi. Naka ne. Ka yi wa duk wanda ya nema, ga firji nan ka yi amfani da shi."

Sunan ma a gidanmu aka raɗa. Iya ta leƙa kwano ta ce me ake yi da wannan, sha ko ci. Na ce dangwala ake yi. Ta ce to dangwale ke nan. Ba Dubai, ba jirgi, tsohuwa ce mai haƙora uku ta sa masa suna tana zaune a kan tabarma.

To yanzu ga kawunku. Nasiru ƙanin mahaifiyarku ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A lokacin yana ba da hayar rumfa da kujeru a Makera, yana kiran kansa Manaja, ga takalmi mai tsini, ga agogo kamar murfin kwano. Kun san tsakanin mutum da ƙanin matarsa wasa ne. Zai cire maka hula, zai ce maka tsoho, zai sa hannu a kwanonka ya ɗauke naman, kai kuma ba dama ka ɓata rai, in ka ɓata a ce ba ka san zumunci ba. Nasiru ya fi kowa sanin wannan, kuma ya more shi. Wata Asabar ya shigo ya tarar da kwano a rufe na wata mai bikin suna, ya buɗe ya cinye rabi kafin in fito daga wanka. Sai ya ce zai riƙa sa shi cikin kayan biki, duk wanda ya ɗauki rumfarsa ya tallata masa. Zan faɗi gaskiya ko a kan wanda ya cuce ni: ya kawo aiki. Bakinsa yana sayar da kaya. Cikin 'yan watanni babu Asabar da ba na rataye ƙulli huɗu ko biyar, bandir ɗin Iya yana ta raguwa, ita kuma tana aunawa da hannu kowace Juma'a tana salati.

Sai ya fara cewa in koya masa. Na ƙi. Binta ta sa baki, wai ƙaninta ne, in wata rana na kwanta ciwo fa. Na yarda, na ce ya zo ya tsaya daga farko har ƙarshe. Ya zo da farar shadda. Lokacin da nake ƙulle kindirmo wayarsa ta yi ƙara ya fita ƙofar gida. Lokacin da nake tace gwaiba ta sake ƙara ya fita. Ya dawo daidai ina zuba gwaibar a kan nonon da na rataye tun jiya ina juyawa.

"Au, Yaya, dama shi ke nan? Nono da gwaiba? A kan wannan kake ta yi mana rowa?"

"Shi ke nan, Manaja."

Ban ɓoye masa komai ba, Allah shi ne shaida. Shi ne bai tsaya ba.

Bikin da aka yi abin a wani zauren taro ne a Narayi, bayan ƙaramar Sallah. Na yi manyan faranti shida, na yi musu ado da gyaɗa da yankakkiyar gwaiba. Mata suka yi ta layi, wasu suna zubawa a leda suna sawa a jaka. Mai gabatarwa ya ce jama'a suna tambaya wa ya yi wannan abu. Ina can baya na ajiye ludayi ina goge hannu, ina jira kamar yaron da za a ba kyauta a makaranta. Kafin in taka, Nasiru ya karɓi lasifika. Ya ce sirri ne da ya koyo a wani babban otal a Dubai, shi da bai taɓa wuce Zariya ba sai sau ɗaya da ya je Kano ɗaurin aure. Aka yi tafi. Sai ya nuno ni da yatsa.

"Ga yarona can, shi ke wanke mini kwanuka. Yaro, ɗaga hannu su gan ka."

Zauren ya kwashe da dariya. Ni da na girme shi da shekara goma sha biyu, ni da na riƙe masa keke yana koyo lokacin da nake neman yayarsa. Ban ɗaga hannu ba. Na sake ɗaukar ludayin, don hannuna yana neman abin riƙewa.

A gida na yi magana. Binta ta ce, "Haba Baban Zainab, abokin wasanka ne fa." Shi ma washegari ya zo yana dariya, ya cire mini hula ya sa a kansa, ya ce tsoho ya fara rikicewa. Da na so in haƙura, don an ɗaure ni da al'ada ta ko'ina. Amma bayan kwana uku ina buga nono a tsakar gida, Hafsat, kina 'yar shekara biyar, kika zo kika tsaya da biskit a hannu.

"Baba, a sam mini dangwalen Kawu."

Ba laifinki ba ne, abin da kika ji ana faɗa kika faɗa. Na sam miki. Amma a ranar na wanke yadina na ninke, na aika wa Nasiru cewa ya ci gaba da yin abinsa na Dubai, yaronsa ya ajiye aiki.

Wannan shawara ta ci ni, kada ku ɗauka jarumta ce kawai. Masu biki lambar Nasiru suke da ita, ba tawa ba. Shi kuma duk wanda ya tambaya sai ya ce ba lokacinsa ba ne, kayan haɗin ba su iso daga waje ba. Aiki ya tsaya cak, sai ɗan wanda nake yi wa Madam da ƙawayenta. Damina ta yi kyau, bishiya ta yi 'ya'ya har rassa suna taɓa katanga, gwaiba tana faɗowa tana ruɓewa, jemagu suna biki a kaina. Takalman makarantarku da na yi alkawari sai da aka kai wa mai gyara sau biyu. Mahaifiyarku ta koma ajiye mini abinci ba ta cewa ga shi. Iya kaɗai ke murna, wai likkafaninta ya huta.

Ana nan sai wata Hajiya mai sayar da atamfa a Makera za ta aurar da 'yarta. Ta taɓa cin dangwale a wancan bikin, ta ba Nasiru aikin bikin gaba ɗaya, rumfa da kujeru da abinci, bisa sharaɗin lallai a kawo abin nan na Dubai. Aiki ne da bai taɓa samun irinsa ba. Girman kai ya hana shi zuwa wajena, ya ce ai nono da gwaiba ne. Biki ranar Asabar. Ranar Juma'a da hantsi sai ga Keke Napep a ƙofar gida, Nasiru ya shigo da babban bokiti mai murfi, yana kiran yayarsa ta zo ta ɗanɗana masa. Ya manta Juma'a hutuna ne. Ya gan ni a gindin bishiya ina yanke farce, ya yi turus, sannan ya gaishe ni da murya ƙasa-ƙasa. Na amsa na ci gaba da farcena.

Iya ta ce ai babba ke fara ɗanɗanawa, a kawo mata. Aka buɗe bokiti. Abin ciki ruwa-ruwa ne, kalar bulo, biskit ba shi da abin da zai kama. Sai da cokali aka ɗebo mata. Ta kai baki, muka ji ƙaras. Ta tsaya. Idonta ya kawo ruwa, ta fara tari tana fifita baki da gefen mayafi.

"Binta, ruwa. Nasiru, me na yi maka? Yashin gini ka ba ni da barkono?"

"Iya, babu barkono a ciki."

"To wutar daga ina? Haƙora uku gare ni, ɗaya yana girgiza yanzu."

Da aka matsa masa sai ya faɗi yadda ya yi. Ya sayi gwaiba buhu guda, ya ga yankawa da dafawa ɓata lokaci ne, sai ya kai ta injin markaɗe na bakin layinsu, da ƙwallayenta da komai. Safiyar Juma'a kuwa, matan unguwa sun gama layin markaɗen tattasai da attaruhu, mai inji ya ɗauraye da kofi guda na ruwa ya zuba masa gwaibarsa. Injin ya farfasa ƙwallayen suka zama tsakuwa ƙanana. Sannan ya sayo yogot na leda ya juye a kai yadda yake. Binta ta zauna a kan turmi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, ban sani ba kuka take ko dariya. Na tashi na sa yatsa na lasa. Ɓarna ce tsantsa. Amma bayan zaƙin ya wuce, ɗan yajin nan ya taso a maƙogwaro, na ji wani abu da nawa ba shi da shi. Na goge yatsana.

Nasiru ya dubi yayarsa. Na ɗauka za ta fara roƙona kamar kullum. Sai ta share ido ta ce, "Kada ka dube ni. Ga shi nan zaune, bakinka da ya iya lasifika ya yi magana." Ta juyo wajena. "Baban Zainab, na ji abin da Hafsat ta ce ran nan. Ni ma bai yi mini daɗi ba."

Wata huɗu ina jiran wannan magana.

Nasiru ya durƙusa da shaddarsa a kan ruɓaɓɓiyar gwaiba.

"Yaya, ka rufa mini asiri. In Hajiya ta ci wannan na gama aiki a Makera."

Na ce lokacin masallaci ya yi, na sa hulata na fita na bar shi a nan. Ba zan yi muku ƙarya ba, huɗubar ranar ban ji ko kalma ɗaya ba, Allah ya yafe mini. Rabin zuciyata yana cewa in bar shi ya kai bokitinsa, in je in tsaya a baya in kalli Hajiya tana tauna tsakuwa. Abin da ya hana ni ba tausayinsa ba ne. Tunawa na yi cewa in mutane suka ci wannan, ba Nasiru kaɗai za su zaga ba, cewa za su yi dangwale abin banza ne, kuma shi ke nan an binne shi. Daga masallaci na zarce kasuwar Kakuri, na kwashe kindirmon Bafulatanata da na maƙwabciyarta, na dawo a Keke Napep ina rungume da ƙore.

Na same shi inda na bar shi. Na ce ya tuɓe riga, ya cire agogo, ya miƙa wa Iya wayarsa. Ya hau bishiya da singileti ya kaɗo, ya wanke, ya yanka, ya hura wuta hayaƙi yana sa shi hawaye. Ni na ƙulle nonon a gabansa, na sa ya rataye da hannunsa. Yadin bai isa ba, sai da na sake komawa akwati. Iya ta ce a bar mata ko na rufe fuska. Daga nan na ajiye masa rariya da ludayi da tukunya cike, na ja kujera na zauna. Waya tana ta ƙara a cinyar Iya, ita kuma tana ɗagawa.

"Wa? Manaja? Yana tata. A'a, ba taro ba, tata. Gwaiba yake tacewa, ka kira gobe."

Bikin Hajiya ya yi kyau, in gaya muku a taƙaice. Na daka attaruhu ɗaya tak na sa a cikin gwaibar tana wuta, kuma tun daga ranar haka nake yi. Da aka ba Nasiru lasifika ya ce shi da yayansa suka yi, wato rabin gaskiya, wadda ita ce mafi yawa da na taɓa ji daga bakinsa. Hajiya da kanta ta zo baya ta karɓi lambata. Iya ta ƙara shekara tara a duniya, kuma sabon yadi na saya mata, cikakke, ba a rufe ta ƙafa a waje ba. Amma ba bikin nake so ku riƙe ba. Yammacin Juma'ar nan nake so ku riƙe, don kuna wajen, ku ukun, a jere a bakin ƙofar ɗaki kuna kallon kawunku, ko da kun manta.

Ya kai tukunya ta uku, hannunsa ya yi ja har gwiwa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, bayansa ya ƙage. Ya ɗago yana murmushin nan nasa.

"Yaya, wallahi ran nan wasa nake yi."

Na ce, "Nasiru, ajiye ludayin ka dube ni. Wasa mutum biyu ke yin sa, su biyun su yi dariya. Ran nan zaure guda ya yi dariya ban da ni, na dawo gida 'yata ta kira abincina da sunanka. Ka ci namana, ka cire mini hula, ka kira ni tsoho har ranar da za a ɗauke ni, ba zan ce maka komai ba, haƙƙinka ne. Amma aikin hannuna ba ya cikin wasan. Yadin can da ke ɗiga ni na saƙa shi. Bishiyar da ka hau ni na shuka ta. Madam ta kawo labari, Iya ta raɗa suna. A cikin abin nan duka barkono kaɗai ne naka, shi ma na mai inji ne. Ga 'ya'yana nan suna kallo, su ga wanda ke koya da wanda ake koya wa. In ka gama tatar, ga tukwane can a bakin famfo. Ka wanke su da kyau, yarona."